Labarin Yarima, Tsohon Kan Jirgin Ƙasa

Yau za mu karanta labarin wani kan jirgin ƙasa. Kan jirgi shi ne injin nan da ke gaba, wanda ke jan taragu. Wannan da za mu ba ku labarinsa ɗan ƙarami ne, ƙafafunsa huɗu kaɗai, da tururi ya ke aiki. An ƙera shi a birnin Landan cikin shekarar 1863. Masu shi suka raɗa masa suna Prince, watau Yarima. Da sunan nan na Hausa za mu riƙa kiransa, don ya fi sauƙin faɗa.

Kawunan jirgi dubbai aka ƙera a zamaninsa, waɗansu sun fi shi girma nesa ba kusa ba. Kusan dukansu an sassare su an narkar. Shi ma akwai lokacin da aka kwance shi ɗaiɗai, aka bar shi cikin rumfa yana tsatsa. Amma cikin shekarar 2013, sa'ad da ya cika shekara 150, an hura masa wuta, ya ja taragu cike da mutane. To, me ya raya shi? Abin da za mu bincika ke nan. Ku bi mu a hankali.

DUTSEN ALLO

A yamma da Ingila akwai wata ƙasa mai duwatsu da yawan ruwan sama, ana kiranta Wales. Tana cikin Birtaniya, amma mutanenta suna da harshensu dabam. A arewacin ƙasar akwai wani gari bisa duwatsu, sunansa Blaenau Ffestiniog. Sunan yana da wuyar faɗa, saboda haka za mu riƙa ce masa garin tudu.

A da, arzikin garin tudu wani irin dutse ne baƙi-baƙi. In gwani ya buga shi, sai ya tsage falle-falle, sumul kamar allo. Da shi Turawa ke rufin ɗaki, kamar yadda mu ke yi da kwano. A da kuma da shi a ke yi wa yaransu allon makaranta. A zamanin da, masu sayensa suna nesa, har ƙasar Jamus. A lokacin tilas ne a kai shi bakin teku, a wani gari mai suna Porthmadog, inda jiragen ruwa ke ɗauka. Shi kuma za mu ce masa garin gaɓa.

Da fari a kan dabbobi da keken doki a ke sauko da dutsen zuwa kogi, sa'an nan a zuba cikin kwale-kwale. Ga wahala, ga tsada, ga fashewar kaya. Don haka cikin 1832 Majalisar Dokokin Birtaniya ta yi doka, ta kafa kamfanin da zai shimfiɗa hanyar jirgi tsakanin garuruwan biyu. Ku riƙe maganar dokar nan, za mu komo kanta. Aka buɗe hanya cikin 1836. Tsawonta mil 13 da rabi.

ƘARAMAR HANYA

Hanyar jirgi ƙarafa biyu ne dogaye a jere. Faɗin da ke tsakaninsu shi ke nuna ko babbar hanya ce ko ƙarama. Ga misali:

Babbar hanya irin ta Ingila, wadda irinta aka buɗe tsakanin Abuja da Kaduna cikin 2016, faɗinta ƙafa 4 da inci 8 da rabi.

Tsohuwar hanyar Ikko zuwa Kano, faɗinta ƙafa 3 da inci 6.

Hanyar kuza ta Zariya zuwa Jos, wadda aka gama cikin 1914, aka rufe cikin 1957, faɗinta ƙafa 2 da inci 6.

Hanyar Yarima kuwa, faɗinta ƙafa 1 da inci 11 da rabi. Bai kai kamu ɗaya da rabi ba.

Don me a ke yin ƙaramar hanya? Don tana iya lanƙwasawa ta kewaye dutse, inda babba sai an fasa dutsen ko an yi gada. Haƙa kaɗan, ƙarfe kaɗan, kuɗi kaɗan. Aibinta shi ne, taragunta ƙanana ne, ba su ɗaukar kaya da yawa, ba su kuwa sauri.

Masu shimfiɗa hanyar nan sun yi wata dabara. Garin tudu ya fi garin gaɓa tsawo da wajen ƙafa 700. Sai suka auna ƙasa da kyau, suka sa hanyar ta yi gangara sannu sannu. In an cika taragu da dutse, sai a sake su, su gangaro da kansu. Masu birki suna zaune bisa kaya, suna tsare gudu. Dawaki kuwa suna tsaye cikin taragonsu a baya, ana tafe da su. In an sauke kaya, sai a ɗaura wa dawakin taragu wofi, su ja su zuwa tudu.

DOKI YA KASA

Ciniki ya yi ta ƙaruwa, har dawaki suka kasa. Injiniyan kamfanin, Charles Spooner, ya ce sai a kawo kan jirgi mai tururi. Manyan injiniyoyi na zamanin suka ce ba shi yiwuwa, hanyar ta cika ƙanƙanta. Bai saurare su ba. Aka ba wani maƙeri na Landan, George England, aikin ƙera guda huɗu. Yarima yana cikinsu. An sa masa sunan ne don girmama ɗan Sarauniya Biktoriya, wanda ya zama Sarkin Ingila cikin 1901.

A lokacin babu babbar hanyar jirgi da ta kai garin gaɓa. Kawunan farko sai da aka ɗora su bisa keke, dawaki suka jawo su ta hanyar ƙasa. Cikin watan Oktoba na 1863 suka fara aiki.

Ba su fara da daɗi ba. Ruwa ya riƙa bin tururi yana shiga inda bai kamata ba, ƙarfinsu ya ragu. Maƙera suka yi wa kowace tukunya wani tulluwa a bisa, kamar an kife ƙwarya, don a riƙa ɗiban tururi daga can sama inda ruwa ba ya kai. Ciwon ya warke. Gyaran farko ke nan, tun suna sababbi.

Cikin 1865 gwamnati ta yarda su ɗauki fasinja. Ita ce ƙaramar hanya ta farko a Birtaniya da aka yardar wa haka. Cikin 1870 injiniyoyi suka zo daga ƙasashe dabam dabam, har Rasha, don su gani da idonsu. Suka koma gida suka ba da labari, ƙananan hanyoyi suka yaɗu cikin duniya.

YADDA KAN JIRGI KE AIKI

Kafin mu gane gyara, sai mun san yadda abin ke aiki. Kowa ya ga tukunya bisa murhu. In ruwa ya tafasa, sai murfi ya riƙa rawa. Ƙarfin tururi ne ke ɗaga shi. Kan jirgi tukunya ce babba, doguwa, a kwance, a rufe ruf.

A bayanta akwai murhu na ƙarfe, ruwa ya kewaye shi. Mai wuta yana zuba kwal da shebur. Zafin wuta yana bin waɗansu bututu masu yawa da suka ratsa cikin ruwa, hayaƙi ya fita ta gaba. Ruwa ya tafasa, tururi ya taru, ba shi da mafita. In direba ya buɗe masa hanya, sai ya shiga silinda, watau wani gwangwani mai kauri. Cikin silinda akwai fistin, yana kai da kawowa kamar taɓarya cikin turmi. Tururi ya tura shi gaba, ya komo ya tura shi baya. Sandar ƙarfe ta haɗa fistin da ƙafafu, ita ke juya su.

Tukunya ita ce ran kan jirgi, ita ce kuma wurin haɗari. Wuta na cinta ta ciki, ruwa na cinta da tsatsa. In ƙarfenta ya yi sirara, ko ruwa ya yi ƙasa har saman murhu ya bushe, tana iya fashewa ta kashe mutane. Saboda haka akwai gilashi da ke nuna yawan ruwa. Akwai kuma wata 'yar ƙofa da ke buɗewa da kanta in tururi ya yi yawa. Kan jirgin da tukunyarsa ta mutu ba ya motsi, kome kyaun sauran jikinsa.

ZAMANI YA JUYA

Yarima ya yi shekaru yana hawa da sauka. Gidan gyaransa wani wuri ne kusa da garin gaɓa, ana kiransa Boston Lodge. A can aka yi masa babban gyara cikin 1892. Aka ɗora masa tankin ruwa bisa tukunya kamar sirdi, aka yi wa direba rumfa. Kamanninsa suka sake.

Amma kasuwa ba ta tabbata. Cikin 1879 da 1883 manyan hanyoyin jirgi biyu suka iso garin tudu, suka raba kayan. Yaƙin 1914 ya toshe kasuwar Jamus. Magina suka koma ga waɗansu kayan rufi masu araha. Motoci suka kwashe fasinja. Kuɗi ya ƙare wa kamfani, gyara ya yi wuya.

Kafin Yaƙin Duniya na Biyu tukunyar Yarima ta gaji, aka ajiye shi. Cikin watan Satumba na 1939 aka daina ɗaukar fasinja. An sayo masa sabuwar tukunya, ta iso wajen ƙarshen yaƙi, aka kwance shi don a sa masa. Ba a gama ba, ran 1 ga Agusta, 1946, aka tsai da jiragen dutse, aka sallami ma'aikata. Aka bar Yarima yadda ya ke, tukunya nan, ƙafafu can.

Ciyawa ta rufe hanya. Itatuwa suka tsiro tsakanin ƙarafa. Rufin rumfuna ya riƙa yoyo, taragu suka riƙa ruɓewa. Abin da a kan yi wa irin wannan hanya shi ne a sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe. To, kun tuna dokar 1832? Dokar ta ba da ikon yin hanya, amma ba ta ba da ikon tumɓuke ta ba. Sai an koma Majalisa an yi sabuwar doka, wannan kuwa sai da kuɗi. Haka kome ya zauna a wurinsa.

AIKIN GAYYA

Cikin 1951 waɗansu masu sha'awar jirgi suka karɓi wata ƙaramar hanya a Wales, mai suna Talyllyn, suka riƙa tafiyar da ita ba da albashi ba. Ba a taɓa yin haka ba a duniya. Wannan ya ƙarfafa zukata. A shekarar nan wani saurayi ya kira taro a birnin Bristol, don a yi shawara a kan hanyar Yarima. Waɗanda suka zo 'yan kaɗan ne. Amma daga nan magana ta kankama.

Cikin watan Yuni na 1954 wani attajiri, Alan Pegler, ya sa kuɗi ya karɓi kamfanin. Bai riƙe shi don riba ba. Ya danƙa shi ga amintattu, kamar wakafi, don duk abin da aka samu ya koma cikin aikin.

Sai aka shiga gayya. Akawuna, da malaman makaranta, da ɗalibai, da ma'aikatan reluwe suka riƙa zuwa ran hutu, kowa da guzurinsa. Waɗansu na saran daji, waɗansu na sake katakon da ke ƙarƙashin ƙarafa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Da aka duba kawunan da ke cikin rumfa, sai aka zaɓi Yarima a fara da shi. Ba don ya fi sauran kyau ba ne. Don shi ke da sabuwar tukunya, wadda ba ta taɓa ganin wuta ba. Shugaban aikin wani injiniya ne, Allan Garraway. Aka kuma nemo tsofaffin ma'aikatan kamfanin, waɗanda suka san kowane ƙarfe da inda ya ke shiga, samari suka tsaya bayansu suna koyo. Da tsohuwar zuma a ke magani.

Ga yadda a ke tashin kan jirgin da ya daɗe a kwance:

1. A tattara guntayensa duka, a kankare tsatsa, a wanke.

2. A auna kowane ƙarfe. Wanda ya cinye a cike shi, ko a ƙera sabo.

3. A daidaita ƙafafu da sanduna. In sun karkace ko kaɗan, za su yi zafi su ci juna.

4. A gwada tukunya da ruwan sanyi. A cika ta fal, a matsa da famfo fiye da yadda tururi zai matsa ta. In da rauni, ruwa zai tsiyaya kawai, ba zai yi fashewa irin ta tururi ba.

5. Sa'an nan a hura wuta kaɗan kaɗan, mai duba tukwane yana tsaye. Sai ya yarda kana a ɗauki mutum.

Ran 23 ga Yuli, 1955, aka sake ɗaukar fasinja, tafiyar wajen mil ɗaya. Yarima bai shirya ba tukuna, wani tsohon inji mai fetur ne ya ja taragu. A farkon watan Agusta aka hura wa Yarima wuta, ya karɓi aikin. Yana da shekara 92.

GYARA BA YA ƘAREWA

Kada ku zaci aiki ya ƙare ke nan. Kuɗin tikitin da Yarima ya samo ya taimaka aka riƙa buɗe hanya kaɗan kaɗan. Ana cikin haka aka yi madatsar ruwa ta lantarki, ruwa ya shanye wani yanki na hanyar. 'Yan gayya suka fasa sabuwa, mil 2 da rabi, daga 1965 zuwa 1978. Sai cikin watan Mayu na 1982 jirgi ya sake shiga garin tudu. Sannu ba ta hana zuwa.

Shi kansa Yarima ya sha komawa gidan gyara. Cikin 1962 aka yi masa babban gyara. Bayan 'yan shekaru ya sake gajiya, aka ajiye shi. Fasinja sun yi yawa, manyan kawuna ke jan dogayen jirage. Duk da haka ba a yashe shi ba. Aka sake gina shi, ya fito cikin 1980 yana ƙona mai maimakon kwal, domin tartsatsin kwal yana ta da gobara a dajin da ke bakin hanya. Daga baya mai ya yi tsada. Da aka gyara shi don bikin 2013, sai aka mai da shi ga kwal, kamar yadda ya fara.

Kowace shekara a kan duba tukunyar kan jirgi. Bayan kamar shekara 10 kuma a kan kwance ta duka a bincika. Watau mai riƙon kan jirgi, ran da ya gama gyara, ran nan ya ke fara tara kuɗin na gaba.

'YAN'UWAN YARIMA

George England ya ƙara wa kamfanin guda biyu cikin 1867, suka zama shida. Biyu an wargaza su tun tuni, aka yi amfani da guntayensu. Huɗu suna nan.

Princess, watau Gimbiya, ita ce ta ja jirgin ƙarshe cikin 1946. An share ta, an yi mata fenti, ana nuna ta, amma ba a sake hura mata wuta ba.

Palmerston an daɗe ana amfani da tukunyarsa a tsaye cikin gidan gyara. An ce ya wuce gyara, amma ya tashi cikin 1993.

Welsh Pony ya yi wajen shekara 80 bai motsa ba. Jama'a suka yi karo-karo, aka ƙera masa sabuwar tukunya, ya tashi cikin 2020.

ABIN LURA

Wani zai ce, an sake tukunya, an sake tanki, an sake ƙafafu, to, ina Yariman 1863? Gaskiya ne, abin da ya rage na ainihin ƙarfen farko kaɗan ne. Amma ku dubi fartanyar da mutum ya gada. Ya sake ƙota, ya kai wa maƙeri ya sake ruwanta, har yanzu kuwa fartanyar babansa ya ke ce mata, da ita ya ke noma. Ku dubi gidan ƙasa. Wanda a ke wa yaɓe kowace shekara ya kan ga jikoki. Wanda aka bari damina uku, sai kango.

Abubuwa uku suka raya Yarima. Na ɗaya, doka, wadda ta hana a sayar da shi da gaggawa. Na biyu, tukunyar da aka saya tun ana cikin rashi. Na uku, wanda ya fi duka, mutanen da suka iya aikin, suka kuma koya wa na baya. Da tsofaffin nan sun tafi da saninsu, da tukunyar ta ruɓe a inda ta ke. Ƙarfe ba ya gyara kansa.

Saboda haka in akwai injin niƙa, ko famfon rijiya, ko garmar shanu a garinku, kada ku jira sai ya tsaya. Ku sa mai a kan kari. Ku tanadi abin da ya kan lalace tun bai lalace ba. Wanda ya iya gyara kuwa, ya ja yaro kusa da shi.

TAMBAYOYI

1. A wace ƙasa hanyar Yarima ta ke? Wane kaya aka yi ta domin ɗauka?
2. Mene ne amfanin ƙaramar hanya, mene ne kuma aibinta?
3. Yaya taragu ke saukowa kafin a kawo kan jirgi?
4. Don me a ke gwada tukunya da ruwan sanyi kafin a hura wuta?
5. Don me aka zaɓi Yarima a fara gyarawa?
6. Wane tsohon abu ne a garinku ya kamata a gyara a adana? Ku yi shawara da malaminku.

LISSAFI

1. An rufe hanya cikin 1946, jirgi ya sake shiga garin tudu cikin 1982. Shekara nawa ke nan?
2. Tsawon hanya mil 13 da rabi. In jirgi ya je ya komo sau biyu, mil nawa ya yi?
3. Inci 12 ke ƙafa ɗaya. Hanyar Ikko zuwa Kano ta fi hanyar kuza faɗi da inci nawa?